Allurar binciken maƙoƙo: yadda mugunya ke iya biyo bayanta, da alamun da ba a kwana da su

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Safo, cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, maƙoƙo ba baƙon abu ba ne. Kusan kowa ya san wata mata da ta shekara goma ko ashirin da kumburi a gaban wuya, tana daka, tana zuwa gona da kasuwa, ba ta taɓa kai shi gaban likita ba. Abin da ya sauya a ƴan shekarun nan shi ne yawaitar na'urar hoton eko a birnin Maraɗi. Mai maƙoƙon da ya je asibiti yanzu akan ɗauki hoton wuyansa, idan kuma likita ya ga wani ƙullutu da bai gamsu da shi ba, sai ya rubuta a je a yi wani gwaji da siririyar allura, wanda da Faransanci ake kira cytoponction.

Gwajin ba ya cin lokaci, ba a kwantar da mutum, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa suna komawa gida ba abin da ya same su sai ɗan ciwo na kwana ɗaya ko biyu. Sai dai can ba a rasa ba, ƙwayar cuta kan bi allurar ta shiga, wurin ya tara mugunya. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, har likita na iya gama aikinsa na shekaru bai gamu da shi ba. Amma idan ya faru, a gida yake bayyana, bayan kwanaki, lokacin da mutum ya riga ya yi nisa da wanda ya yi masa allurar. Ga mutumin Safo da aka yi wa gwajin a Maraɗi, Yamai ko Katsina, wannan tazarar ita ce babban haɗarin.

Tiroyid da maƙoƙo

Tiroyid wata ƴar tsoka ce mai laushi da ke kwance a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, ta rungume bututun numfashi dama da hagu. Siffarta kamar malam-buɗe-littafi, nauyinta a jikin baligi bai wuce giram 15 zuwa 25 ba. Aikinta shi ne ta ɗauki sinadarin iyod daga abinci ta haɗa wasu sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke daidaita bugun zuciya, ɗumin jiki, ƙiba da rama, da girman ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Idan iyod ya yi ƙaranci, sai tiroyid ta dinga ƙara girma don ta kamo ɗan abin da ke akwai. Wannan girman shi ne maƙoƙo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa baligi na buƙatar mikrogiram 150 na iyod a rana, mai juna biyu da mai shayarwa kuwa 250. Ƙasashen da ke nesa da teku kamar Nijar sun daɗe da wannan gibi, abin da ya sa a tsakiyar shekarun 1990 hukuma ta wajabta a riƙa sayar da gishiri mai iyod. To amma gishirin da ake haƙowa a gargajiyance ba a sa masa iyod, wanda aka sa wa ma yana rasa shi idan ya daɗe a buɗe cikin rana a kasuwa. Binciken da aka yi a yammacin Sudan ya kuma nuna cewa gero na ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa tiroyid ƙarfin amfani da iyod, musamman inda dama iyod ɗin bai wadata ba. Wannan ba dalilin barin fura da tuwo ba ne, dalili ne na kula da irin gishirin da ake sa wa miya.

Maƙoƙon da ya daɗe yakan yi ƙullutai a ciki. Wasu tsoka ce zalla, wasu jakar ruwa ce, wasu kuma gauraye. Mata sun fi maza samun su nesa ba kusa ba. Mafi yawansu ba su da wata illa. A ƙididdigar da likitoci ke aiki da ita, kusan kashi 5 zuwa 15 cikin 100 ne kawai ke zama kansa. Matsalar ita ce hannu ba ya iya bambance su, hoton eko ma hasashe kawai yake bayarwa. Dole sai an ɗebo wani abu daga cikin ƙullutun an duba.

Yadda ake gwajin

Ɗebo ƙwayoyin halitta da allura don gano ciwo ya samo asali ne daga asibitin Memorial na birnin New York a Amurka, inda likita Hayes Martin da abokin aikinsa Edward Ellis suka wallafa sakamakon aikinsu a 1930. Allurarsu mai kauri ce, kuma dabarar ba ta karɓu sosai ba a lokacin. Likitocin ƙasar Suwidin, musamman na asibitin Karolinska da ke Stockholm, su ne suka farfaɗo da ita a shekarun 1950 da 1960 da allura siririya, daga nan ta bazu duniya. Kafin haka, hanyar sanin ko ƙullutu kansa ne ita ce a yi wa mutum tiyata a cire. Gwajin allura ya raba mutane da yawa da wuƙar da ba su buƙata.

Mutum yakan kwanta rigingine, a sa masa matashi a ƙarƙashin kafaɗu don wuya ya miƙe. A goge fatar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, alkol ko Bétadine ko makamancinsu. Likita ya ɗora kan na'urar eko a wuya, yana kallon allo, ya soka allurar har cikin ƙullutun, ya ɗan motsa ta na ƴan daƙiƙoƙi, ya zare. Kaurin allurar bai wuce rabin milimita ko sama da haka kaɗan ba, wato ba ta kai wadda ake ɗibar jini da ita a hannu ba. Akan maimaita sau biyu zuwa huɗu. A lokacin ana buƙatar mutum ya daina magana da haɗiyar yawu. Abin da aka ɗebo a shafa shi a kan ƴan gilasai a aika wa likitan da ke duba ƙwayoyin halitta da madubin ƙara girma. Duka-duka minti 15 zuwa 20.

Sakamakon yakan zo da lamba daga 1 zuwa 6, bisa tsarin da ake kira Bethesda, wanda ya fito daga wani taron masana a Amurka a 2007, aka sabunta shi a 2017 da 2023. Lamba 2 na nufin ba kansa ba ne, lamba 6 na nufin kansa ne. Lamba 1 kuwa na nufin abin da aka ɗebo bai isa a ce komai ba, sai an sake. Wannan ya fi faruwa ga ƙullutu mai ruwa, kuma yana da nasaba da batun mugunya, kamar yadda za a gani.

Akwai wata magana da ta zauna a zukatan jama'a, cewa ciwon daji ba ya son allura, da an soke shi sai ya fusata ya bazu. Saboda ita mutane da dama ke ninke takardar likita su ajiye a ƙarƙashin katifa. A kan tiroyid dai, bazuwar kansa ta hanyar wannan siririyar allura abu ne mai matuƙar wuya, bai kai ko kusa da haɗarin zama da kansar da ba a gano ba. A 2009 wasu likitoci biyu ƴan ƙasar Girka, Polyzos da Anastasilakis, sun tattara rahotannin da aka wallafa a kan matsalolin da ke biyo bayan gwajin. Abin da suka tarar shi ne ɗan ciwo da ɗan kwanciyar jini a ƙarƙashin fata su ne suka fi yawa, manyan matsaloli kuwa, ciki har da mugunya, ƴan ƙalilan ne.

Me ya sa tiroyid ba ta cika yin mugunya ba

Cikin sassan jiki, tiroyid na daga waɗanda ƙwayoyin cuta ke shan wahalar kamawa. Tana lulluɓe da wata fata mai ƙarfi da ta raba ta da maƙwabtanta. Jini na ratsa ta da yawa ƙwarai idan aka kwatanta da ƙanƙantarta, don haka sojojin jiki ba sa nisa da ita. Ga kuma iyod da ta tara, wanda shi kansa makashin ƙwayoyin cuta ne. Shi ne ma sinadarin da ke cikin Bétadine ɗin da ake goge fata da shi. Shi ya sa cikin duk masu fama da ciwon tiroyid, waɗanda nasu na mugunya ne ba su kai mutum 1 cikin 100 ba.

Idan aka ga mugunya a tiroyid, to akwai ƙofar da aka buɗe wa cuta. A wajen yara, yawanci wata ƴar hanya ce da aka haife su da ita, wadda ta taso daga cikin maƙogwaro ta gangaro zuwa tiroyid, galibi ta ɓangaren hagu. Likitocin Japan ne suka bayyana ta a 1979, kuma ita ce ke sa yaro ya yi ta maimaita ƙurji a gefen hagu na wuya har sai an toshe ta ko an cire. A wajen manya, cutar kan biyo jini daga wani wuri, ko ta faɗo wa tsohon maƙoƙo. Allura ita ce ƙofa ta uku: tana huda wancan lulluɓin, kuma duk abin da ke kan fata tana iya tura shi ciki.

Ƙwayar da aka fi kamawa da wannan laifi ita ce Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fata da hancin mutane da yawa ba tare da ta dame su ba, ita ce kuma ke haddasa maruru. Akwai ƴan uwanta na fata, akwai na rukunin Streptococcus, wani lokaci har da na hanji. A mafi yawan lokuta daga jikin mutumin kansa ƙwayar take fitowa. Tana kuma iya fitowa daga man da ake shafawa a kan na'urar eko, ko daga kan na'urar idan ba a rufe shi ba ko ba a tsabtace shi tsakanin mutum da mutum ba.

Ƙullutu mai ruwa ya fi kowanne haɗari. Ruwan da ke cikinsa a tsaye yake, sau da yawa gauraye da tsohon jini, kuma jijiyoyin jini ba sa shiga tsakiyarsa. Ƙwayar da ta faɗa ciki ta samu abinci, ta kuma tsira daga sojojin jiki. Ga shi irin wannan ƙullutun ne aka fi sokawa sau da yawa, ko don sakamako bai fito ba, ko don an zuƙe ruwan ya sake taruwa. A 2005 likitocin asibitin Kuma da ke birnin Kobe a Japan, asibitin da ya shahara a kan ciwon tiroyid, sun ba da labarin wata mata mai fama da daɗaɗɗen ciwon ƙaiƙayin fata, wadda aka yi ta zuƙe mata ruwan ƙullutu, daga baya wurin ya yi mugunya, har sinadaran tiroyid suka malalo cikin jininta. Abubuwa biyu ne suka haɗu a kanta: fata mai ɗauke da ƙwayoyi fiye da kima, da jakar ruwa da aka huda ba sau ɗaya ba. Saboda irin haka likitoci ba sa son a mayar da zuƙe ruwa al'ada. Idan ya dawo sau biyu ko uku akan duba wata mafita, ko a ɗura wa jakar alkol na musamman ta ƙafe, ko a yi tiyata.

Sauran waɗanda ya kamata a fi sa wa ido su ne masu ciwon sukari, musamman wanda ba a daidaita ba, masu ɗauke da ƙwayar sida, masu shan magungunan kansa, tsofaffi masu rauni, da masu shan kortikoyid na dogon lokaci. Wannan rukuni na ƙarshe ya fi yadda ake zato faɗi, domin ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a tire a kasuwanni da wasu mayukan bilicin na ɗauke da kortikoyid, kuma mai amfani da su ba ta ɗaukar kanta mai shan magani, balle ta faɗa wa likita.

Ciwon da ke raguwa da ciwon da ke ƙaruwa

Bayan gwajin, ba abin mamaki ba ne mutum ya ji wurin na masa ciwo, musamman wajen haɗiya, wani lokaci ciwon ya harba zuwa kunne ko muƙamuƙi. Fatar na iya ɗan yin duhu. Wannan yakan fi tsanani a ranar farko, washegari ya ragu, zuwa kwana biyu ko uku ya wuce. Parasetamol ya ishe shi.

Kumburin da ya taso nan take, cikin mintoci ko ƴan awoyi, yawanci jini ne ya taru. Ƙarami yakan baje da kansa idan an danna. Babba, wanda ke sa wuya ya yi tauri numfashi ya fara wuya, na buƙatar komawa asibiti a lokacin. Shi ya sa ake son mutum ya ɗan zauna a asibiti kamar rabin awa kafin ya hau kabu-kabu ya kama hanya.

Mugunya kuwa ba ta gaggawa. Takan bari a yi kwanaki, daga biyu ko uku har zuwa mako biyu ko uku, wani lokaci ma fiye. Mutum ya ga kamar ya warke, sai ciwon ya dawo, kuma kullum gaba yake yi. Zogi ne a gefe ɗaya na gaban wuya, wurin ya kumbura, ya yi zafi a hannu, ba ya son a taɓa. A fata mai duhu ba lalle a ga ja ba. Abin da ake gani shi ne fatar ta miƙe tana sheƙi. Zazzaɓi ya zo, sau da yawa da rawar ɗari. Haɗiya ta zama azaba, har yawu mutum ya gwammace ya tofar. Marar lafiya yakan sunkuyar da kai gaba, ya ƙi ɗaga haɓa, domin miƙe wuya na ƙara masa ciwo. Murya na iya dushewa. Wasu kuma zuciyarsu ta dinga bugawa da sauri, hannu na rawa, gumi na zuba, saboda sinadaran da tiroyid ta adana sun tsiyaye cikin jini lokaci guda.

Wuya wuri ne matsattse. Bututun numfashi na bayan tiroyid, hanyar abinci na bayansa, manyan jijiyoyin jini na gefe, jijiyar murya na ratsawa ta tsakani. Ƙurjin da a cinya zai yi mako yana nuna ba tare da ya yi kisa ba, a nan yana iya matse numfashi, ko ya fashe ta ciki, ko mugunyar ta gangara cikin ƙirji kusa da zuciya, ko ƙwayoyin su shiga jini su game jiki. Numfashi mai ƙara, kasa kwanciya rigingine, kasa haɗiye ruwa, ko ruɗewar hankali, alamu ne da ba a jira gari ya waye da su.

Inda ake ɓata kwanaki

Da damina, daga Yuli zuwa Oktoba, kusan duk zazzaɓin da ya shigo gida a gundumar Madarunfa sunansa zazzaɓin cizon sauro, kuma galibi haka ɗin ne. Nan ne tarkon yake. A yankin da cutar ta yi katutu, gwajin gaggawa na yatsa na iya nuna tana nan alhali ba ita ce ke kayar da mutum ba, ko kuma duka biyun sun haɗu. Sai a ba shi maganin kwana uku ya koma gida, mugunya na ci gaba da taruwa. Majon CSI da ke ganin layin mutane tun safe ba zai san an soki wuyan wannan matar kwana biyar da suka wuce a wani gari ba, in ba an faɗa masa ba, ga shi hijabi ya rufe wurin. Jumla ɗaya ce ke sauya komai: an yi mini allurar bincike a wuya ranar kaza. Duk takardar da aka bayar a wurin gwajin a riƙo ta.

Hanya ta biyu da ake ɓata lokaci ita ce ta gida. Ciwon haɗiya da zazzaɓi kan sa a ce belu ne ko hangum, a nufi wanzami. Kumburin da ya yi sheƙi kuma kan jawo shawarar a yi tsaga, a kafa ƙaho, ko a yi sakiya. Wanzami na da gurbinsa a rayuwar jama'a, amma gaban wuya ba wurin aska ba ne. Mugunyar tiroyid na can ƙarƙashin tsoka, tsaga ba ta kai mata, ƙaho ba ya jawo ta, ƙarfen sakiya kuwa tazarar da ke tsakaninsa da babbar jijiyar jini ba ta wuce faɗin yatsa ba. Gashi da ruwan zafi, man zafi da shafe-shafen ganye ba sa kashe ƙwayar, sai dai su ɓata fatar da likita zai bi ya shiga.

Ta uku ita ce ƴan kafso biyu ko huɗu na antibiyotik daga mai talla. Sukan ɗan sauke zazzaɓi, mutum ya ga sauƙi, ya ƙara kwana biyu a gida. Ba sa ratsa jakar mugunya yadda ya kamata, kuma idan daga baya aka ɗebo mugunyar don a gano ƙwayar, sai ta ƙi tsirowa a ɗakin gwaji, likita ya rasa sanin maganin da ya dace da ita.

Akwai kuma ruɗanin da ke iya samun likita kansa. Wani ciwon tiroyid mai suna de Quervain, sunan likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan da ya bayyana shi a 1904, shi ma yana zuwa da ciwon wuya, zazzaɓi da bugun zuciya, galibi bayan mura. Ya fi na mugunya yawa sosai, ba ya tara mugunya, kuma idan ya yi tsanani da kortikoyid ake maganinsa. Idan aka ba mai mugunya kortikoyid bisa kuskure, zai ji daɗi na kwana ɗaya ko biyu, sannan cutar ta ci ƙarfinsa, domin an kwance wa jiki ɗamara. Ga duk wanda aka yi wa allura a tiroyid cikin makonnin baya, ƙa'ida ita ce a ɗauka mugunya ce har sai hoton eko ya nuna akasin haka.

Magani

Tsarin kiwon lafiya a Nijar hawa-hawa ne: ɗakin shan magani na ƙauye, CSI, asibitin gunduma, sannan manyan asibitocin jiha da na ƙasa. Mutanen Safo na da asibitin gunduma a Madarunfa, ga kuma Maraɗi a kusa da su ta arewa, inda asibitin jiha na CHR da babban asibitin Hôpital de Référence suke. Wannan ciwo ba na CSI ba ne. Aikin CSI shi ne ya gane shi, ya rubuta takardar turawa, ya hanzarta. Wanda aka yi wa gwajin a Yamai, mai nisan fiye da kilomita 600, ko a asibitin koyarwa na Katsina ko na Aminu Kano, ko a Galmi, ba sai ya koma can ba. Asibiti mafi kusa da ke da na'urar eko da likitan tiyata shi ne wurin zuwa. Inda matsalar tsaro ke hana tafiyar dare, ko gulbi ya kawo ruwa ya yanke hanya, gara a tashi da rana tun ciwon bai kai ga numfashi ba.

A asibiti za a fara da duba numfashi. Sai hoton eko, wanda ke nuna ko mugunya ta taru da inda ta kai. Idan ana zargin ta gangara ƙirji akan yi hoton sikana. A ɗebi jini a duba yawan fararen ƙwayoyin jini, alamun kumburi, sukari da sinadaran tiroyid. Ba sabon abu ba ne a wannan lokacin ne mutum zai fara jin cewa yana da ciwon sukari.

Abin da ke ba marasa lafiya da danginsu mamaki shi ne allurar da ta jawo matsalar ita ce kuma ake komawa gare ta. Da ita ake zuƙo mugunya, a tabbatar da ciwon, a aika ɗakin gwaji a gano ƙwayar da maganin da ke kashe ta. Ƙin yarda a sake sokawa, ko da yake ana iya fahimtar dalilinsa, jinkiri ne kawai. Ba a jiran sakamako kafin a fara antibiyotik ta jijiya, wanda zai kama Staphylococcus da sauran waɗanda ake zargi. Idan sakamako ya fito sai a gyara. Ƙaramin ƙurji na iya warkewa da zuƙewa sau ɗaya ko biyu, ko a sa ɗan siririn bututu ya yi kwanaki yana tsiyayar da shi. Babba, ko wanda ya rabu ɗaki-ɗaki, ko mai matse numfashi, sai an buɗe a ɗakin tiyata. Wani lokaci akan cire ɓangaren tiroyid ɗin da ya lalace gaba ɗaya, musamman idan dama ƙullutun abin zargi ne.

Maganin yakan ɗauki aƙalla mako biyu, wani lokaci fiye, farko ta jijiya sannan a koma na sha. Idan mugunya ta ƙi jin magani kuma gwaji bai nuna komai ba, likitoci kan nemi tarin fuka, wanda kan kama tiroyid jefi-jefi, ko cututtukan fangas ga masu raunin garkuwar jiki. Bugun zuciya da rawar hannu sukan lafa da kansu cikin makonni. Akan ba da propranolol don sassauta su. Magungunan rage aikin tiroyid irin su carbimazole ba su da amfani a nan, tunda ba aiki ta ƙara ba, yoyo take yi. Mafi yawan waɗanda aka yi wa magani da wuri tiroyid ɗinsu na komawa daidai. Duk da haka ana so a sake gwajin TSH bayan wata ɗaya zuwa uku, saboda ƙalilan aikinta kan ragu, su buƙaci ƙwayar levothyroxine.

Kafin ranar gwaji da bayanta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka ba ranar gwaji ya wanke wuyansa da sabulu, kada ya shafa mai, hoda ko turare a wurin, ya cire sarƙa da laya. Idan akwai maruru, ƙuraje masu ruwa, sabuwar tsaga ko gyambo a wuya, ko mutum na cikin zazzaɓi, a faɗa. Ɗage gwajin da mako ɗaya ko biyu ba ya cutar da mai ƙullutu. A faɗi ciwon sukari, a faɗi duk abin da ake sha ko ake shafawa, har da aspirin da magungunan tsinka jini, waɗanda ba a dakatar da su sai da izinin likitan da ya rubuta su.

Daga ɓangaren ma'aikata, abin da ake buƙata sananne ne: wanke hannu, safar hannu, sabuwar allura da sirinji da aka ɓare a gaban mutum a kowace suka, goge fata a bar maganin ya bushe, rufe kan na'urar eko, da kauce wa soka allura ta cikin man da ba a tsarkake ba. Marar lafiya na da haƙƙin ya ga an ɓare allurar, tambaya a kan haka ba rashin kunya ba ce. Ba a saba ba da antibiyotik kafin gwajin ko bayansa don rigakafi ba, saboda matsalar ba ta da yawan da zai sa a ɗora wa kowa magani. Wanda aka sallama ba tare da takardar magani ba, ba mantuwa aka yi ba.

Bayan an zare allura akan danna wurin da auduga na minti 5 zuwa 10, a manna filasta, wadda za a iya cirewa bayan ƴan awoyi ko washegari. A ranar a huta da daka, jan ruwa a rijiya da ɗaukar kaya a ka. Wanka da alwala ba su da matsala, illa dai kada a cuɗa wurin. Kafin a bar asibiti a nemi a rubuta ranar gwajin da ɓangaren da aka soka a cikin karnen lafiya, a karɓi lambar wayar sashen, a kuma tambayi ranar da sakamako zai fito da wanda zai karanta shi.